Ranar da Kaka ta gina randa da kayan bincikena

Ko na tsufa na ruɗe, wannan rana ba za ta fita raina ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a yajin aiki ya koro mu gida Sheme. Cikin jakata akwai kwalba cike da wasu fararen ƙwayoyi na gasasshen yumɓu, ƙanana kamar gero, kowace da ramukan da ido ba ya gani. Ana ɗura su a bututun gilashi, a zuba ruwan zoɓo ta sama, su riƙe wasu sinadaran su saki wasu, kowane ya fito daban. Malamina ya ce babu wasu a sashenmu, in sun ɓata bincikena ya mutu. Don tsabar tsoro na ɓoye kwalbar a ɗakin Kaka, mai ginin tukwane.

Wani hantsi na dawo daga gona na tarar da kwalbar a tsakar gida, wayam, an ma wanke ta.

"Kaka, ina abin da ke ciki?"

"Dakakken tsingaron nan? Maigida, ai ka kyauta, ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba." Ta nuna sabuwar randar da ta gina, an ajiye ta tana shan iska.

Innalillahi! Masu gini kan daka fasassun tukwane su kwaɓa da yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Ita abin da ta gani ke nan. Na zube ƙasa, ƙato da ni, ina hawaye. Shekara huɗu ga su a cikin randa!

Da na yi mata bayani sai ta harare ni. "Yo ƙasa mai shan ruwa kake wa kuka? Da me randata ke sanyaya ruwa?"

Ta kwaɓa yumɓu da garin ɓuntun shinkafa, ta gasa, ɓuntun ya ƙone ya bar ramuka, ta daka ta tankaɗe, ta ba ni a madadin ƙwayoyina. Na karɓa ne kawai don kada ta ji haushi.

Da aka koma makaranta na faɗa wa malamina gaskiya, muka gwada na Kaka a bututun. Bai kai na kwalba ba, amma wallahi launin zoɓon ya rabu. Ya daɗe yana kallon bututun, sannan ya ce a kan wannan zan rubuta bincikena.

Kunya ta kama ni. Shekara huɗu ban taɓa gaya mata abin da nake karanta ba, wai ba za ta gane ba. Tun ranar na daina raina sanin mutum kafin in tambaye shi. Randar tana nan, har yau daga ita nake shan ruwa.