Alƙur'anin da mahaifina bai gama rubutawa ba

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ina aikin akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, muna zaune a Unguwar Sarki tare da iyayena. Mahaifina malamin allo ne, amma abin da aka fi saninsa da shi rubuta Alƙur'ani da ka. Ya rubuta da dama ya sayar. A lokacin ya fara wani da ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na gida ne, shi zai bar mana.

Yana cikin wannan aiki ya fara ramewa. Ruwa kuwa kamar ana zuba shi a rairayi, ya sha ya sake nema, buta ba ta hutawa. Mahaifiyata ce ta fara lura tururuwa na taruwa a inda yake kama ruwa, ta share, gobe su dawo. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Sai kuma ya fara cewa yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a kan takarda kamar ƙuda. Ni kuwa, da yake na yi boko ina jin kaina, na tafi kasuwa na sayo masa tabarau, na kawo ina ta baza hanci. Ya saka, ya dube ni, ya ce yanzu akawu biyu yake gani, kuma ɗaya ma ya ishe shi.

Da labari ya bazu cewa idon Malam ba lafiya, sai tsofaffin ɗalibansa suka yi ta zuwa dubiya, kuma kusan kowa da zuma yake zuwa. Wani a kwalba, wani a ƙwarya da saƙarta. Akwai mai tahowa tun daga Katabu a kan keke duk Juma'a. A ɗiga masa a ido, a dama masa a kunu, a zuba a rubutun sha. Shi kuma ba ya mayar da kyauta, kuma sai ya sha a gaban wanda ya kawo, don mutum ya koma gida da farin ciki.

Wani abokina malamin asibiti ne ya ji zancen ƙishirwar, ya matsa sai mun kawo Malam asibiti. A gabana aka zuba fitsarinsa cikin wani shuɗin ruwa, aka ɗora a wuta, ya rikiɗe ya koma kamar jar ƙasa. Likita, wani Bature, ya ɗiga masa magani, ya daɗe yana leƙa idon da wata 'yar fitila. Ni na yi tafinta, kuma har yau ban yi aikin da ya fi wannan nauyi ba. Ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jiki. Ya ce da yanar ido ce, da an cire. Wannan a can bayan ido yake, ƙananan jijiyoyi ke fashewa suna zubar da jini, kuma ba su da hanyar gyara abin da ya lalace. Abin da za a iya kawai allura kullum da kiyaye abinci, ko sauran ganin ya ɗan jima.

Mahaifina ya ce, "Gaya masa ni ban taɓa sa sukari a bakina ba. Na 'yan shayi ne irinku."

Da likita ya ji labarin zumar, sai ya ce a daina daga yau.

Allura bai ƙi ba, abokina ke zuwa ya yi masa. Tuwo ma ya yarda aka rage. Zuma ce ta zama rigima. Ya ce ba zai iya cewa abin da Allah ya kira waraka shi ke cutar da shi ba, kuma ba zai kunyata wanda ya sha rana don shi ba. Mahaifiyata ta riƙa tare baƙi a zaure ta hannun yara tana karɓe zumar ta ɓoye. Amma in mai keken nan ya zauna a gabansa, sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya sa masa albarka. Na yi fushi, na yi magiya, na gaji.

Bai daina rubutu ba. Jar tawadar wasali ce ta fara ɓace masa, ya ce zai dawo kanta daga baya. Ya ci gaba da baƙa, hancinsa kusan a kan takarda. Saura 'yan izu kaɗan, wata rana da hantsi ya miƙo mini warƙar da ya gama, ya ce in karanta masa. Na duba. Layi ya hau kan layi, wani wuri tawada ta cakuɗe, ayar farko kaɗai na iya ganewa. Da yake wurin yana kaina, na kama na yi ta karantawa da ka, murya a sake, kamar ina bin rubutun. Bai katse ni ba sai da na yi nisa.

Ya ce, "Akawu, ka wuce ƙarshen shafi tun ɗazu, ban ji ka juya takardar ba."

Na ajiye warƙar. Ya ce ba komai, Allah ya yi mini albarka. Ya sa aka wanke alƙalumansa, ya ce a binne wannan warƙar a wuri mai tsarki. Bai sake neman tawada ba har ya rasu.

Yanzu ana ce mini akwai na'urar da ke tsayar da wannan jinin in an zo da wuri, shi ya sa duk mai ciwon sukari da na sani nake damunsa ya je a duba masa ido tun yana gani. Ban taɓa jin haushin masu zumar ba, ƙauna ce ta kawo su, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Alƙur'anin yana nan a gafakarsa. Malamai da yawa sun ce in kawo su ƙarasa, na ƙi. In na buɗe na zo inda jar tawada ta ƙare, nakan san daga nan ya fara rubutu cikin duhu, mu kuma muna zaune kusa da shi ba mu sani ba.