Rakiyar Tsohuwa 'Yar Japan

Har yanzu idan na ji takun gudu a bayana, kafaɗata ta hagu sai ta ɗaure. A nan na rataya jakata ranar da wani ya fizge ta a bakin tashar jirgin ƙasa, ya hankaɗe ni na faɗi. Daga nan na daina sauka ƙasa. Na kusa mako uku a hawa na shida na benenmu, a unguwar Mount Hope, can ƙasar waje. Kawu, wanda ya ɗauko ni daga Zariya don in koyi buga tafireta, ya ce ba faɗa ba ne, amma idan Litinin ta yi ban koma makaranta ba, gida zai mayar da ni.

Ranar Lahadi bayan la'asar wata tsohuwa 'yar Japan ta zo mana. A gidan wanki suka saba da Gwaggo, matar Kawu. Talabijin ɗinta ne ya lalace, ga shi ba ta son katun ɗin ƙasarsu ya wuce ta. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata.

"Kin gani? Ta san gida," in ji Gwaggo.

Katun ɗin labarin wata marainiya ne da aka kai gidan attajirai, gida mai matakala biyu da masu hidima sanye da farar safar hannu. Ɗan gidan yana sonta, ya kasa faɗa. Ina karanta Turancin da ke ƙasan hoton ina juya wa Gwaggo.

Sai Gwaggo ta ce, "Ji idanu kamar faranti! Kai yaro, tura manya da goro mana, a huta."

Tsohuwar ba ta ji ko kalma ba, amma ta yi ta dariya.

Da aka gama, Gwaggo ta ce, "Tashi ki taka mata."

"Gwaggo..."

"Baƙuwa ta fita ita kaɗai? Bakin lif ne kawai, za ta sallame ki."

A wurinmu mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce, "Koma haka, na gode." Tsohuwar ba ta san wannan ba. A bakin lif na tsaya ina jira, sai ta riƙe mini ƙofa. A ƙofar waje na sake tsayawa, sai ta saƙala hannunta a nawa tana tambayata da Turancinta, ko ina ganin yaron zai buɗe baki mako mai zuwa. Muka wuce mai sayar da jarida, muka wuce bakin tashar nan. Na so in juya, amma ta yaya zan zare hannu daga na tsohuwa?

Sai a ƙofar gidansu, layi na uku, ta rusuna mini har sau biyu, ta shige. Ƙofa ta rufe. Na daɗe a tsaye, sannan na bi jikin bango na dawo, ni kaɗai.

Washegari na tafi makaranta, littattafaina a ƙirji cikin rigar sanyi, ina waiwaye har na isa.