Kifin da Aka Juya a Shagon Ayi Lam

Sharfaddeen ɗan Fagge ne, kuma da ya bar Kano cewa ya yi shekara biyu zai yi a Guangzhou. Yanzu furfura ta fara cin gemunsa, yana nan. Aikinsa tsaya wa 'yan kasuwa a kan kayansu: ya bi kwantena daga sito har tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya ga an loda, ya ga an rufe, sannan ya kira mai kaya ya ce masa ya kwanta da kwanciyar hankali. Shi kam ba ya samun wannan kwanciyar. Kafin ya dawo ɗakinsa a Panyu, masu sayar da tuwo na wajen Tianxiu sun daɗe da wanke tukwane, sai dai ya haɗiyi yawu.

A haka ya gano shagon Ayi Lam. Ayi, a bakin mutanen nan, kamar mu ce inna ne. Shago ne ɗan tsukuku da ba ya buɗewa sai dare ya raba, ana sayar da taliyar romo, da kifi, da ƙaguwa, da jatan lande, ga kwalaben giya birjik a teburan direbobi. Daren farko ya leƙa babbar tukunyar romo, ya ga ƙashin alade na iyo, ya juya zai fita. Tsohuwar ta riƙo hannun rigarsa. Ta sauko da wata sabuwar tukunya daga saman kanta, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna shi, ta nuna tukunyar. Tun daga ranar babu abin da ya taɓa shiga cikinta sai ruwa da kifi da citta da taliyarsa.

Akwai al'ada guda a shagon. Ayi Lam jikar masunta ce, ɗanta ɗaya tilo ma yana kan jirgin kamun kifi. A wajensu ba a juya kifi a faranti, domin wanda ya juya kifi kamar ya kifar da jirgin wani ne a teku. In ka cinye gefe guda, sai ka ɗaga ƙashin tsakiya a hankali, ka ajiye a gefe, ka ci na ƙasa. Baƙon da ba ta yarda da hannunsa ba kuwa, tun daga kicin take zare masa ƙashin ta yanyanka naman, kamar abincin yaye. Sharfaddeen ya daɗe yana cin irin wannan. Daren da ta fara ajiye masa kifi sukutum, da kansa da wutsiyarsa, ya ji daɗin da bai ji ba ranar da aka sabunta masa biza. A garin da kowa ke kallonsa a matsayin mai wucewa, ga wuri ɗaya da aka ɗauke shi ɗan gida.

Shi dai bai yarda da camfi ba, ya san babu mai kifar da jirgi sai Allah. Amma in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Cikin damina, lokacin da ake ta sanarwar guguwar teku, Alhaji Tankari ya zo daga Maraɗi sayen fitilun sola. Dattijo ne mai fara'a da yawan magana, irin wanda zai ba ka labari uku kafin ka gama amsa gaisuwarsa. Suka wuni a Nansha cikin ruwan sama, kwantena ta ƙi samun layi. Da suka dawo, yunwa ta ci ta cinye su, Sharfaddeen ya kai shi shagon.

Ayi Lam ba ta cikin walwala a daren. Wayarta na kan kantar shagon, tana duba ta bini-bini, domin kwana da kwanaki ba ta ji daga ɗanta ba. Duk da haka ta ce wa Sharfaddeen, "Laoban, sannu," wato maigida, kamar yadda ta saba tsokanarsa. Ta sauko da tukunya mai jan zare. Don darajarsa ta kawo musu babban kifi guda a faranti ɗaya.

Gajiya ce ta ci Sharfaddeen. Ya yi niyyar ya ja kunnen baƙonsa, sai direban kwantena ya kira, ya juya baya yana ta fama da shi da guntun Sinancinsa. Kafin ya waiwayo, Alhaji ya share gefe guda tas, ya sa hannu biyu ya birkice kifin, kamar yadda kowa ke yi daga Maraɗi har Kano.

Wani direba ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Ayi Lam ta tsaya da ludayi a hannu, ta dubi kifin, ta dubi wayarta, sannan ta dubi Sharfaddeen. Ba Alhaji ta duba ba. Ta shige kicin ta saki labule.

"Mi ya hwaru, ɗana?" in ji Alhaji Tankari, da loma a hannu.

"Ba komai, Alhaji. Ci abincinka."

A hanya ya yi masa bayani. Alhaji ya yi salati, ya ce, "To ai ba ka hwaɗa min ba. Mu koma in ba ta haƙuri." Sharfaddeen ya ce a bari. Da wane harshe za a ba da haƙurin?

Kunya ta hana shi komawa. Ya koma cin burodi da shayi a ɗaki, yana jin iska na dukan taga. Ya tuna tasa mahaifiyar a Fagge, wadda in ya kwana biyu bai kira ba sai ta kasa cin tuwo. A sujadarsa ya riƙa sa wani yaro da bai taɓa gani ba, bai ma san sunansa ba, yana cewa Allah ya maido wa tsohuwar nan ɗanta.

Bayan guguwa ta lafa, Alhaji ya tafi da kayansa, Sharfaddeen ya daure ya nufi shagon. Daga ƙofa ya hango wani saurayi da rana ta ƙona, yana zaune yana ɓare jatan lande, goshinsa sak na Ayi Lam. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi a fili.

Tsohuwar ta gan shi. Ba ta ɗaure fuska ba, har ta ɗan gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta sauko da tukunya mai jan zare, ta ɗauraye ta sau biyu don ya gani. Ya zauna a kusurwarsa, ya tuɓe jiƙaƙƙun takalmansa a ƙarƙashin tebur, yana jin ƙamshin citta na tasowa, yana cewa a ransa ashe komai ya wuce.

Ta kawo taliyar da zafinta, ta koma ta kawo kifin. An zare ƙashin tun daga kicin, an yanyanka naman ƙanana-ƙanana.

Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya yi bismillah, ya fara ci.