Wutar Gidan Tsohuwa Talle

A Gazara na tashi, a hannun kakata Iya Dije. Idan an sauke tuwo bayan magariba, ba ta bari a kashe murhu. Mu jikoki sai mu kewaye ta, kowa da guntun rakensa. Ita kuwa sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga wata ta iso ƙofa, in buɗe mata?"

"Buɗe mata, Iya!"

Yawancin tatsuniyoyinta dariya muke yi. Ɗaya ce ta hana ni gama rakena.

Wai a wani gari, zamanin da babu ashana, akwai tsohuwa Talle wadda wutar murhunta ba ta mutuwa. Kullum da safe gari duka ke zuwa ɗiban garwashi a gidanta, ba ta taɓa hana kowa ba. Da farko ana sallama, ana gaishe ta. A hankali aka daina. Kowa ya shigo da kaskonsa, ya ɗiba, ya fita. Wata safiya aka tarar da toka mai sanyi. Mata suka taru suna faɗa: "Wace irin tsohuwa ce wannan, za ta sa yaranmu su wuni da yunwa?" Suka banka ƙofar ɗakinta.

Iya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kwananta uku da rasuwa. Gungumen da ta sa na ƙarshe ne yake ta ci, suna ta ɗiba."

Na ce, "Iya, ba wanda ya leƙa?"

"Angona, wuta suka zo ɗiba, ba Talle ba."

Yanzu aikina haɗa manhaja ne. Akwai tsare-tsare na kyauta da masana ke ajiyewa a intanet, kowa ya ɗauka ya gina tasa a kai, rubutu ɗaya ya yi aiki a waya da kwamfuta da shafin intanet. Da irin wannan na haɗa wa ungozomomin wasu ƙananan asibitoci a Makarfi da Ikara manhajar da ke tuna musu ranar awon kowace mai ciki. Sashen da ke riƙe sunaye idan babu sabis, wani mutum ne a wata ƙasa mai nisa ya rubuta shi, shi kaɗai yake kula da shi. Shekara huɗu ina amfani da aikinsa, ban san cikakken sunansa ba.

Da aka raba wa ungozomomin sababbin wayoyi, sashen ya ƙi aiki. Wata ta kira ni daga Ikara: "Malam, mata sun cika benci, sunayen sun ƙi buɗewa!"

Na shiga shafin mutumin, na tarar da ƙorafi sun yi tuli. Na ƙara nawa, mai zafi: idan ba zai iya ba, ya faɗa mana.

Washegari amsa ta zo, daga 'yarsa. Ta ce mahaifinta ya rasu wata biyar da suka wuce, ita ba ta san wannan aikin ba, amma saƙonninmu suna shigowa wayarsa, tana karanta kowanne. Tana ba mu haƙuri.

Haƙuri, mu! Na zauna riƙe da waya.

Ina yaro na ɗauka mugaye ne matan garin su Talle. Ashe ba sai mutum ya zama mugu ba. Ya isa kawai abu ya riƙa zuwar masa kyauta kullum. Mako biyu na yi ina gyara sashen, na mayar da shi don kowa ya ɗauka. Na goge saƙona kuma, amma yarinyar ta riga ta karanta.