Fiziks Ɗin Da Baba Ya Ajiye Mini

Wata Asabar ce a ƙarshen Agusta, shekarar da na cika sha huɗu. Ina bayan gidanmu a garin Bowie, nan ƙasar Turawa, ina tsinkar kuɓewa a ɗan lambun Umma, ƙanena Sadiƙ yana ta kokawa da injin yankan ciyawa da ya ƙi tashi, sai muka jiyo muryar iyayenmu ta tagar kicin. Mu a gida ake koyar da mu, ba ma zuwa makaranta, ga shi zan fara karatun sakandare. Gardamar a kan darasin kimiyyar da zan soma da shi ce.

Baba injiniya ne, a Zariya ya yi karatu, kuma a ganinsa yadda aka yi musu za a yi mini: a haɗa bayoloji da kemistiri da fiziks a tafi da su tare kowace shekara. Umma kuwa nas ce, ta riga ta bi matan masallacin Lanham da tambaya har sun gaji da ita. Ta ce a nan ɗaya bayan ɗaya ake yi, bayoloji tukuna, sai kemistiri, fiziks a ƙarshe idan lissafin yaro ya yi ƙwari. Tsoronta kada jami'o'in ƙasar nan su dubi takarduna su ce ba su gane musu ba. Ni dai a zuci bayan Baba nake, domin fiziks ne kaɗai ya ce da kansa zai koya mini, kuma mutumin da ke fita da asuba ya dawo bayan magariba, samun sa'a guda tare da shi ba ƙaramin abu ba ne. Da ya ga Umma ta kafe, sai ya yi dariya ya ce, "To Maman Sadiƙ, na bi. Amma fiziks nawa ne, kada kowa ya taɓa mini."

Haka muka shiga bayoloji. A gareji muka feɗe kwaɗo, don Umma ta rantse ba a kan teburin cin abincinta ba, Sadiƙ sarkin cika baki kuwa yana jin warin ya arce. Shi ma Baba haƙurin bai zauna masa ba. Muna sharar ganye a lokacin kaka, ko muna tura motarsa a ƙanƙara, sai ya fara bayanin abin da ya sa taya ke sulɓewa, ya yi nisa, sannan ya kama bakinsa ya ce sai lokacinsa ya yi, kada a kama mu da satar hanya. Wayyo, da na sani da na ce ya ƙarasa.

Muna tsakiyar kemistiri ya fara rama, abinci ya daina shiga. Likitoci suka ce ciwon daji ne a hanta. Ko a gadon asibiti tambayarsa ɗaya ce, ina na kai a lissafi, don yana so ya same ni a shirye. Allah ya karɓi abinsa kafin mu gama littafin kemistiri. Fiziks a kwamfuta na koye shi, a bakin wani Bature da bai san ina duniya ba. Ya iya koyarwa, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma na tsani muryarsa, sau da yawa sai na tsayar da bidiyon na sha kukana.

Tsarin Umma ya yi aiki, jami'a ta ɗauke ni ba tare da wata tambaya ba. Yanzu nawa 'ya'yan nake koyarwa a gida, iyaye kan tare ni a masallaci su ce da wane darasin kimiyya za su fara. Kwanaki wata ta yi mini wannan tambayar Umma na zaune a gefe. Sai da muka shiga mota sannan Umma ta ce, "Shekara biyu kawai na ce ya jira."

Na ce mata ba laifinta ba ne, kuma har ga Allah haka na ɗauka. A wancan lokacin dukanmu mun zaci shekarun a hannunmu suke.