Baba Ishaya, Wanda Ya Juyo da Ni Daga Bango

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba Ishaya. Ba ɗan'uwana ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Maƙwabcina ne a Tudun Wada, tsohon ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya yana kiwon kaji a bayan gida. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma shirun da na yi a kansa ya isa haka.

Na zo Zariya ne bayan an ƙone ƙauyenmu. Ba zan ba da labarin ranar ba. Matata ba ta fita ba. Ni na fita da 'yarmu Hadiza a kafaɗa, tana 'yar shekara uku. Mun yi watanni a wata makarantar firamare tare da jama'a masu yawa, inda in aka kawo abinci mai ƙarfi ne ke ci. Daga can na biyo motar kaya zuwa nan. Baba Ishaya ya ba ni ɗakin ƙofar gidansa, matarsa Mama Rifkatu ta ce in riƙa barin mata yarinyar in zan fita nema.

Shi ne ya yi mini magana a wani gidan bulo a hanyar Dutsen Abba. Mai wurin ya ce za a gwada ni, kuma heluma, wato shugaban leburori, shi zai ce a riƙe ni ko a sallame ni. A daidai lokacin gwaggona ta aiko daga garin da take aure. Ta ce namiji ba mata ba aiki ba ya riƙon 'ya mace. In ƙaramar Salla ta zo ban sami aikin da ya zauna ba, za ta zo ta ɗauki Hadiza. Ban ga laifinta ba. Amma yarinyar ita kaɗai ce ta rage mini.

Aikin bulo ba na mutum ɗaya ba ne. Inji na fitar da ɗanyen bulo a kan katako, mutum biyu su kama, ɗaya gaba ɗaya baya, su kai wurin shanya. In tafiyarku ba ta daidaita ba, bulo ya tsage. Ƙarfi ina da shi. Ba na latti, ba na zama, ba na gardama da kowa. A ganina abin da ake nema ga ma'aikaci ke nan. Sai dai kullum da safe in ana raba abokan kama katako, ni ake bari a ƙarshe, wanda ya faɗo mini kuma sai ya yi tsaki. Na ce a raina baƙo ne ba sa so.

Heluman sunansa Tanimu. Ya haɗu da Baba Ishaya a kasuwa ya ce masa, “Baba, mutuminka aikinsa ba laifi, amma ba mai son kama katako da shi. Ba zan ɓata wa mutum goma rai saboda mutum ɗaya ba.” Baba bai gaya mini ba. Washegari da azahar sai ga shi a kan kekensa, wai ya zo tambayar farashin bulo. Ya zauna a inuwa har muka ci abinci, ya hau keke ya tafi.

Da yamma Mama Rifkatu ta zuba mana tuwo a tsakar gida. Baba ya ɗauki nasa kwanon ya tafi lungu ya tsuguna, ya ba mu baya, fuska a bango. Ya kewaye kwanon da hannun hagu, ya sunkuya yana cusa loma a kan loma, yana waiwayen kafaɗa kamar wanda ake bi. Hadiza ta yi ta dariya.

Na ce, “Baba, lafiya?”

Ya ce, “Lafiya lau. Sale nake yi.” Sale kuwa ni ne, ni yake kwaikwayo.

Na tashi tsaye. Da wani ne ba shi ba, ban san abin da zai faru ba. Ya juyo bai yi dariya ba, ya ce, “Zauna, ɗana. Haka kake yi kullum, a can da nan. An yi maka bisimilla sau uku yau ina kallo, ko kai ba ka ɗaga ba. Wanda ya ƙwace maka abinci ba ya Zariya. Su waɗannan ba su san abin da ka gani ba, bayanka kawai suke gani.”

Wallahi ban san ina yi ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na ɗauka ina cin abinci ne kamar kowa.

A wurin aiki irin namu, in azahar ta yi kowa ya kawo abin da yake da shi a ajiye tsakiya. Ko ka ƙoshi, in an ce bisimilla sai ka sa hannu ka ɗauki loma guda. Wanda ya ƙi, ya faɗi magana ba da baki ba: ko yana ƙyamar mutane, ko yana zargin za a sa masa wani abu. Daga baya na ji wasu sun ce magani nake ci, shi ya sa nake ɓoyewa. Har suna suka sa mini, Na-bango.

Baba bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, “Gobe Mamanka za ta yi fate. Ka kai tsakiya ka ajiye, ka ce bisimilla, ka ɗora hannunka na hagu a gwiwa. Ba sai ka ba su tarihinka ba. In an tambaye ka, ka ce kana da 'ya. Ya isa.”

Na yi yadda ya ce. Na ɗauki duwatsu a rayuwata, ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan kwanon nauyi ba. Na ajiye, na ce bisimilla. Tanimu ya dube ni ya dubi kwanon ya ce, “Ikon Allah! Yau bango zai kwana da yunwa.” Aka fashe da dariya, cokula suka shiga. Ina kallon faten yana raguwa, gumi na keto mini, hannuna na kan gwiwa ban ɗaga shi ba. Kaɗan na samu. Ina shirin tashi sai wani dattijo mai suna Lawal ya turo mini ɗanwakensa ya ce, “Ina za ka? Ai ba a gama ba.” Ranar na fi kullum ƙoshi.

Ba a rana ɗaya aka saba ba. Wani lokaci sai na tsinci kaina na nufi bango, in ji an ce, “Na-bango, dawo cikin mutane!” Amma Lawal ya fara kama katako da ni. Da ya ji ina da 'ya, ya zo mata da takalmin da jikarsa ta fi ƙarfinsa. Kafin azumi ya ƙare Tanimu ya ce wa mai wurin a riƙe ni. Gwaggo ta zo bayan Salla, ta kwana biyu, ta ga yarinya da kitso da ƙiba, ta koma ita kaɗai.

Yanzu ni ne heluma a wurin. Samari na zuwa neman aiki, wasu da takardun makaranta, domin aiki ya yi wuya. Kusan kowa yana da nasa bangon. Akwai wanda in ka gyara masa kuskure sai ya ɗaure fuska yini guda, bai san ya ɗaure ba. Akwai wanda ba ya barin kowa ya gama magana. Akwai wanda ya toshe kunne da waƙa, ka yi masa sallama bai ji ba, ya ce an tsane shi. Na kan tsaya in ce, da Baba yana nan, me zai yi da su? Na san ba zai zagi zamani ba, ba halinsa ba ne. Zai sami inuwa ya zauna ya kalli yaro tukuna. Ni ba ni da haƙurinsa. Na kan faɗa gatsau, wani ya ji, wani ya yi fushi ya tafi. Abin da dai na riƙe, ba na sallamar yaro sai na gaya masa abin da mutane ke gani a jikinsa, shi da ni, ba a gaban jama'a ba.

Hadiza ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Gyallesu. Ta ce a wurinsu in an tashi hutu kowa ya ja robar abincinsa gefe, ido a waya. Ni yunwa ce ta kai ni bango. Su ban san abin da ya kai su ba. Baba dai da ya ga abin, ina jin da ya ari wayar wani ya tsuguna a lungu ya yi musu irin wadda ya yi mini.

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, mu 'yan gidan bulo mun je da kayan aikinmu a jiki, muka tsaya a harabar coci har aka gama. Tanimu, da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya yi ta share ido da hula. Gidan an sayar, Mama Rifkatu ta koma wurin ɗanta, inda kajin suke an gina shaguna. In ka bi layin yau ba abin da zai nuna maka an yi wani Baba Ishaya.

Na auna abin da ya bari. Aiki wani ma zai iya nema maka, ɗaki wani zai iya ba ka. Amma mutane da yawa sun ga abin da nake yi, sun kwaikwaye ni a bayan idona sun yi dariya. Shi kaɗai ne ya zo ya yi a gabana, ya jure fushina. Ga abin da ya biyo baya: ban yi boko ba, wadda ke riƙe da alƙalamin nan tana rubuta abin da nake faɗa Hadiza ce, kuma a gidana ta girma. Tana cewa in ƙara. Na ce ya isa. Na gode, Baba.