Harshen Kakata a Layin Awo

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Burumburum, ban taɓa gaya wa kowa ina jin Fulatanci ba. Kakata ta wajen uwa 'yar ruga ce daga gefen dajin Falgore. Ita ta raine ni har na shiga firamare, inda yara suka riƙa cewa ina warin nono. Tun daga lokacin na daina amsa mata da harshenta.

Ranar awon ciki matan ruga ne ke fara isowa, don da sassafe suke tasowa a ƙafa, amma su ake gani ƙarshe. Ba wanda ya kafa wannan doka. Mun tarar ana yi, muka ci gaba. Ni ke kiran layi.

Wata ranar Laraba, ranar awo, wata dattijuwa ta rako surukarta mai tsohon ciki. Har azahar suna zaune a gindin darbejiya. Na zo wucewa sai na ji tana faɗa wa yarinyar da Fulatanci cewa ta yi haƙuri, waccan mai farar rigar tana jin duk abin da suke faɗa, kunyarsu kawai take ji.

Ban san yadda ta gane ba, ban kuma waiwaya ba. Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa, na daɗe a tsaye. Da can ina ce wa kaina tsarin wurin ne, ba ruwana. A ɗakin nan na gane tsoro ne ya sa nake barinsu a waje, kada a haɗa ni da su.

Da Laraba ta zagayo na kira layi yadda aka iso. Shugabarmu ta ja ni gefe.

"Ke kuma yaushe kika zama lauyar Fulani?"

"Anti, kakata Bafulatana ce. Kuma su suka riga zuwa."

Ba ta hana ni ba, sai dai an daina kirana cin abinci. Matan gari suka rage gaisuwa. Matan rugar ma ba su ɗauke ni tasu ba. Fulatancina ya lalace, in na yi musu sai su amsa da Hausa cikin ladabi. Na koma cin ɗanwakena ni kaɗai a bayan asibiti.

Bayan shekara aka mayar da ni Doguwa. Ban san yadda wadda ta gaje ni take kiran layin ba, don ba wanda ya taɓa bugo mini waya daga can.